Ɗan ƙarfen da ke tura maniyyi zuwa ƙwai: gaskiya ne, amma bai kai asibiti ba

Wani bawan Allah ya aiko da wannan tambaya: "Likita, shekararmu 7 da aure Allah bai ba mu rabo ba. An yi mini gwaji, aka ce ƙwayoyin maniyyina ba sa motsi sosai. Kwanan nan aka turo mini bidiyo a WhatsApp, wani ɗan ƙarfe kamar sifirin ya kama ƙwayar maniyyi ya kai ta har wurin ƙwai. Gaskiya ne ko haɗi ne? In gaskiya ne, a wace ƙasa ake yi, kuma nawa ne? Iyalina shekararta 34."

Malam, Allah Ya kawo rabo mai albarka. Bidiyon da ka gani ba haɗi ba ne, na san shi, kuma ka kai mutum na goma da ya nuna mini shi a waya. Sai dai akwai abin da masu yaɗa shi ba sa faɗa. Maniyyin da ke ciki na bijimi ne, ƙwan kuma na saniya, kuma duk abin ya faru ne a cikin ɗan ruwa a kan gilashi, ƙarƙashin madubin ƙara girma. Babu asibiti ko ɗaya a duniya da ke yi wa mutane wannan aiki, babu kuma jariri ko ɗaya da aka haifa ta wannan hanya. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya haɗa ka da inda ake yi, ka riƙe aljihunka.

Aikin na wasu masu bincike ne a wata cibiyar Leibniz da ke birnin Dresden a Jamus, ƙarƙashin Farfesa Oliver Schmidt. Abin dariya shi ne cibiyar ba ta haihuwa ba ce, ta nazarin ƙarafa da kayan ƙira ce. A 2013 Veronika Magdanz da abokan aikinta suka naɗe wasu siraran fallayen ƙarfe suka zama 'yan bututu masu tsawon kimanin maikiromita 50. Maikiromita ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, wato tsawon bututun bai kai kaurin silin gashin kai ba. Suka zuba su cikin maniyyin bijimi. Ƙwayar maniyyi tana iyo sai ta cusa kai cikin bututu ta maƙale, wutsiya a waje tana kaɗawa. Ita ke tura bututun gaba, su kuma daga waje suna juya akalarsa da maganaɗisu, tun da akwai ƙarfe a jikinsa. Kamar jaki da linzami: ƙarfin tafiya na jaki ne, zaɓen hanya na mai jaki.

Wanda ka gani shi ne na biyu, na 2016, aikin Mariana Medina-Sánchez, 'yar asalin Kolombiya. A nan an juya lissafi. Ƙwayar maniyyin ba ta motsi, na'urar ce ke yin tafiyar. An ƙera ta da roba ta hanyar amfani da hasken leza, siffarta kamar sifirin ɗin cikin biro, aka shafe ta da ɗan ƙarfen nikel da titaniyom. Suka laƙaba wa irin waɗannan na'urori suna Spermbot. Kalmar mutum-mutumi da ake fassara su da ita tana ruɗar mutane, sai a ɗauka akwai batir ko inji ko 'yar kwamfuta a ciki. Babu ko ɗaya. Sifirin ne kawai. Duk dabarar tana waje, a cikin naɗaɗɗun wayoyin lantarki da aka kewaye madubin da su. Su ke haifar da ƙarfin maganaɗisu mai juyawa, sifirin ɗin ya bi juyin, ya riƙa murɗawa yana shiga ruwa kamar yadda sukuru ke shiga katako. Mai aiki yana kallon allo, ya tuƙa shi zuwa bayan ƙwayar maniyyi, ya zura wutsiyar cikin sifirin har ya tokare da kai, sannan ya tura ta gaba zuwa jikin ƙwai. In an isa, sai a juya maganaɗisun ta baya, sifirin ya warware ya ja da baya ya bar ta a nan.

Me ya sa sifirin, ba filafili ko farfela ba? Wannan shi ne ɓangaren da ya fi burge ni. Ruwa a wurin abu ƙarami ba irin ruwan da ka sani ba ne. Kai in ka yi iyo a kogi ka tsaya da bugun ruwa, za ka ɗan ci gaba da tafiya kafin ka tsaya. Ƙwayar maniyyi ba ta da wannan gata. Wutsiya na tsayawa, ita ma ta tsaya cak, domin a wurinta ruwa ya fi zuma kauri. Wani masanin kimiyya Ba'amurke, Edward Purcell, ya yi bayanin wannan a wata sananniyar maƙala ta 1977: a irin wannan duniya, duk motsin da zai je ya dawo ta hanya ɗaya, kamar buɗe baki da rufewa, ba ya kai ka ko'ina, inda ka tashi nan za ka koma. Abin da ke aiki shi ne bulala mai kaɗawa irin wutsiyar maniyyi, ko murɗi irin na sifirin, wanda wasu ƙwayoyin cuta ke amfani da shi. Masu ƙirar ba su ƙirƙiri sabon abu ba, sun kwaikwayi halittar Ubangiji ne. Tun a 2009 wasu masu bincike a Zurich ta Suwizalan da wasu a Harvard ta Amurka suka nuna ana iya tuƙa irin wannan sifirin da maganaɗisu, mutanen Dresden kuma suka ɗora masa kaya.

To yanzu ga inda gizo ke saƙa. A wancan aiki na 2016 an kai maniyyi jikin ƙwai, amma ba a nuna ƙwan ya haɗu ya zama ɗan tayi ba. Bidiyon yakan yanke daidai inda aikin gaske yake farawa. Ƙwan mace ba tsirara yake zaune ba. Faɗinsa kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita ne, yana da ɓawo mai tauri, bayan ɓawon kuma akwai tarin ƙananan ƙwayoyin halitta da suka lulluɓe shi kamar auduga. Kafin ƙwayar maniyyi ta ratsa wannan, sai ta yi wasu sa'o'i a jikin mace tana nuna, sannan hular da ke kanta ta fashe ta saki sinadaran da ke narkar da ɓawon, wutsiyar kuma ta riga ta koma wani irin bugu mai ƙarfi, ba irin na tafiya ba, na fasa ƙofa. Wanda bai iya tafiya da ƙafarsa ba, ka goya shi ka kai shi ƙofar gida, ƙofar kuwa a kulle take, sai an sa kafaɗa. Nan sifirin ya sauke shi ya tafi.

Mu masu aikin ɗakin dashen ciki, inda ake haɗa ƙwai da maniyyi a faranti a mayar mahaifa, mun riga mun bi wannan hanya mun ga ƙarshenta. A ƙarshen shekarun 1980, kafin a gano dabarar da ake yi yanzu, an yi ta ƙoƙarin taimaka wa raunanan maniyyi: a tsaga ɓawon ƙwai a bar musu kafa, ko a zuba 'yan ƙwayoyi a ƙarƙashin ɓawon a bar su su ƙarasa da kansu. An samu haihuwa jefi-jefi, amma sakamakon bai taka kara ya karya ba. Sai a Brussels ta Beljiyam, Gianpiero Palermo yana irin wannan aiki a ɗakin gwajin André Van Steirteghem, allura ta zarce ta shiga cikin ƙwan kansa, ƙwan kuma ya haɗu. A 1992 aka haifi jariran farko ta wannan hanya, wadda ake kira ICSI. Daga nan aka watsar da tsoffin dabarun, domin an gane cewa in maniyyi ba shi da ƙarfi, raka shi ƙofa bai isa ba, sai an shigar da shi ɗaki.

Bari in kai ka teburin aikina ka ga yadda ake yi. Faranti ne ɗan ƙarami a kan madubi, an ɗumama wurin zuwa digiri 37, zafin jikin mutum. A cikinsa akwai ɗigo-ɗigon ruwa an rufe su da mai don kada su bushe. Hannuna biyu suna kan sandunan tuƙi guda biyu. Na hagu yana riƙe da ɗan bututun gilashi mai dakusasshen baki da ke tsotse ƙwai ya riƙe shi. Na dama yana riƙe da allurar gilashi wadda ramin bakinta bai wuce maikiromita 5 ba. Sai in shiga ɗigon da maniyyi yake, wanda aka sa wa wani ruwa mai kauri don ya rage musu gudu, in duba in zaɓi ƙwaya ɗaya mai kyan kai da wuya. Sai in ɗora bakin allura a kan wutsiyarta in murje ta da ƙasan faranti har ta karye. Ka ji fa, da gangan nake karya ta. Sannan in tsotse ta ta wutsiya, in koma wurin ƙwai, in juya shi yadda ba zan taɓa inda ƙwayoyin gadonsa suke ba, in huda ta gefen ƙarfe 3 na agogo, in ɗan tsotso cikin ƙwan har in ji fatarsa ta fashe, in ajiye ta a ciki in zare allura. Washegari, bayan sa'a 16 zuwa 18, in buɗe in duba. In na ga 'yan da'ira biyu a tsakiyar ƙwan, ɗaya ta uba ɗaya ta uwa, an dace.

Ka lura da abin da wannan ke nufi gare ka. Matsalar da aka ce kana da ita, rashin motsi, ita ce daidai matsalar da ICSI ta warware shekara 30 da ɗoriya da suka wuce. Ba a buƙatar miliyoyi, ba a buƙatar gudu. Kowane ƙwai ƙwaya ɗaya mai rai yake nema. Ko da a ce babu mai motsi ko ɗaya, muna da hanyar gane mai rai daga matacciya: a sa su cikin ruwan da gishirinsa ya yi ƙasa, mai rai sai wutsiyarta ta kumbura ta lanƙwashe, matacciya kuwa ta tsaya a miƙe. In babu komai a cikin maniyyin, wani lokaci ana samo su kai tsaye daga maraina da ɗan ƙaramin aiki. Kuma ba sai ka je Jamus ko Indiya ba. Tun 1998 aka haifi jaririya ta dashen ciki a asibitin Nisa da ke Abuja ƙarƙashin Dakta Ibrahim Wada, kuma yau ana yin ICSI a cibiyoyi da dama a Najeriya. Tsada akwai ta, kuma ba kowane zagaye ake dacewa ba, wannan ba zan ɓoye maka ba. Amma abu ne da yake akwai.

Za ka ce, to in haka ne me mutanen Dresden suke wahalar nema? Suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. A dashen ciki muna fitar da ƙwai daga jikin mace, mu haɗa shi a faranti, mu rene shi kwana 3 zuwa 5 a cikin na'urar ɗumi, sannan mu mayar da shi mahaifa. Duk iya ƙoƙarinmu, faranti ba jiki ba ne. A halitta, haɗuwar tana faruwa ne a cikin bututun da ya taso daga mahaifa zuwa wurin ƙwai, mai tsawon santimita 10 zuwa 12, ɗan tayin kuma yana gangarowa a hankali cikin kwana 3 zuwa 4, yana shan ruwan da bututun ke fitarwa, mahaifa kuma tana shirin tarbarsa. Burinsu shi ne a mayar da aikin can ciki. An taɓa yin haka da hannu: a 1984 Ricardo Asch ya fito da hanyar zuba ƙwai da maniyyi cikin bututun, daga baya aka riƙa sa ƙwan da ya riga ya haɗu. Amma sai an sa mace barci an huda cikinta, don haka da renon faranti ya inganta sai aka bar ta. Tunanin Medina-Sánchez shi ne a yi wannan ba tare da huda ba, a shigar da 'yar na'ura ta hanyar da Allah Ya riga Ya buɗe, a tuƙa ta da maganaɗisu. Hukumar binciken kimiyya ta Tarayyar Turai ta ba ta tallafi a kan haka a 2019. A 2020 Lukas Schwarz da ita da sauran abokan aiki suka nuna wata na'ura mai siffar katantanwa da ke juyawa ta rungumi ƙwan saniya ko na ɓera da ya haɗu, ta yi tafiya da shi, ta sake shi inda ake so.

A ganina, in akwai inda wannan fasaha za ta yi rana, to nan ne, wurin ɗaukar ɗan tayi, ba wurin tura maniyyi ba. Akwai matan da muke sa wa 'yan tayi masu kyau sau uku sau huɗu ba su kama ba, kuma ba mu da amsa mai gamsarwa da za mu ba su. In aka samu hanyar da ɗan tayi zai yi kwanakinsa na farko a inda ya kamata ya yi su, wataƙila wasu daga cikinsu su dace. Wataƙila na ce.

Domin tsakanin gilashi da cikin mace akwai tafiya mai nisa. A kan gilashi kana ganin komai tar, fitila a ƙasa, madubi a sama, ruwa a kwance ba ya motsi. Cikin bututun mace kuwa duhu ne, kuma ba kamar tiyo yake ba. Cikinsa a nannaɗe yake, lungu-lungu kamar tsohuwar unguwa, bangonsa cike da 'yan gasu masu kaɗa ruwa zuwa mahaifa, wato akasin inda maniyyi ya nufa, naman bututun kuma yana matsewa yana saki. Ruwan ciki yana da yauƙi kamar miyar kuɓewa, abu kan manne a ciki. Ta yaya za ka tuƙa abin da ba ka gani? Na'urar hoton ciki da muke amfani da ita ba ta ganin abu mai ƙanƙantar nan shi kaɗai. Mutanen Dresden sun gwada haɗa ta da wata dabara ta haska leza a saurari amon da ƙarfen ke mayarwa, suka bi sawun na'urori a cikin mahaifa da mafitsarar ɓera a 2021. Amma ɓera duka kaurinsa nawa ne? Bututun mace yana can cikin ƙugu, bayan fata da kitse da hanji, haske kuwa ba ya nisa a cikin nama. Shi ma ƙarfin maganaɗisu yana raguwa da sauri in aka yi nisa da tushensa, don haka wayoyin da suka isa kewaye faranti ba za su isa kewaye ƙugun mutum ba sai an yi gagarumar na'ura.

Sannan in an gama aiki, ina sifirin zai tafi? Nikel ba abin da za ka so ka bari kusa da ɗan tayi ba ne, mata da yawa ma ɗan kunne mai nikel kaɗai yana sa musu ƙaiƙayi. Shi ya sa ake gwada ƙira da abubuwan da jiki ke narkarwa, irin su gelatin da garin tsatsar ƙarfe. Magdanz tare da Islam Khalil da Sarthak Misra na Jami'ar Twente ta Holan sun yi wani abu a 2020 da ya ba ni dariya ya kuma ba ni mamaki: suka ɗauki matattun ƙwayoyin maniyyin bijimi suka barbaɗe su da garin tsatsa, suka sa maganaɗisu, gawa ta tashi tana iyo. Wannan ba don haihuwa aka yi shi ba, don ɗaukar magani ne. Hasali ma wani sashe mai yawa na wannan bincike ya karkata can. A 2018 Haifeng Xu a Dresden ya ɗura wa maniyyin bijimi maganin daji, ya tuƙa shi zuwa dunƙulen ƙwayoyin dajin bakin mahaifa a faranti, ya kashe wani kaso daga cikinsu. Ba zan yi mamaki ba in masu jinyar daji suka riga mu cin moriyar abin.

Akwai kuma doka. Jamus tana da dokar kare 'yan tayi tun 1990, wadda ta hana yin gwaji da ɗan tayin mutum. Ko a ƙasashen da suka fi sassauci, kafin a yarda ka sa sabon abu kusa da ƙwan mutum sai ka nuna a dabbobi cewa ana ɗaukar ciki, ana haihuwa lafiya, 'ya'yan ma suna girma su haihu lafiya. Wannan aikin shekaru ne masu yawa.

Wani labarin da ake cakuɗawa da wannan shi ne na jariran da aka ce mutum-mutumi ya samar. Wannan ya faru, amma abu ne daban. A 2023 aka ba da labarin 'yan mata biyu da aka haifa bayan wani injin kamfanin Overture Life na Sifen ya yi allurar ICSI a wani asibiti a New York, injiniya yana sarrafa shi da abin wasan PlayStation 5. A 2025 kuma kamfanin Conceivable Life Sciences ya wallafa labarin yaron da aka haifa a Guadalajara ta Meziko, inda inji ya yi matakai 23 na allurar, masu lura da shi wasu suna can Amurka. Waɗannan manyan injuna ne a kan tebur, suna yin aikin da na kwatanta maka da hannuna. Ba sa shiga jikin kowa. Amfaninsu, in sun tabbata, shi ne rage dogaro da hannun ƙwararre, wanda sai ya yi shekaru yana koyo kuma yana gajiya da yamma. Ban ce ina murna da injin da zai karɓe mini kujera ba, amma in zai sauko da farashi ina maraba da shi. A na Meziko ƙwan wata mace aka yi amfani da shi, ba na mai cikin ba, wannan kuwa malamanmu ba su yarda da shi ba. Fatawar Azhar ta 1980 da matsayar majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi a Amman a 1986 sun halatta dashen ciki ne in maniyyin na miji ne, ƙwan na matarsa, kuma auren yana nan. Inji ko hannu, sharaɗin bai canza ba.

Mu dawo kanka. Ka ce an yi maka gwaji, ba ka ce sau nawa ba, ba ka kuma faɗi lambobin ba. Gwaji ɗaya ba ya yanke hukunci. Na taɓa karɓar wani magidanci da ya zo da takarda daga wani ɗakin gwaji an rubuta masa babu motsi ko kaɗan, ya yi wata huɗu ba ya barci. Da na tambaye shi yadda aka ɗauka, ashe a gida ya tara a cikin kwaroron roba, ya ɗaure ya sa a aljihu, ya hau babur, ya je ya bi layi, sai bayan azahar aka duba. Robar kanta tana kashe maniyyi, balle zaman sa'o'i. Muka sake a wurinmu, a kwalba mai tsabta, aka duba cikin sa'a ɗaya, sai ga su suna iyo kamar kifi a tafki. Ƙa'ida ita ce ka yi kwana 2 zuwa 7 ba ka kusanci iyali ba, a tara duka a kwalbar gwaji, a duba kafin sa'a ɗaya ta wuce. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya sa iyakar ƙasa a miliyan 16 a kowace mililita, kashi 42 cikin 100 masu motsi, kashi 30 masu tafiya gaba. Wanda ya faɗo ƙasa da haka kaɗan ba a ce ba zai haihu ba. Kuma jiki yana ɗaukar kimanin kwana 74 kafin ya ƙera sabon maniyyi, don haka zazzaɓin cizon sauro mai zafi da ka yi wata biyu baya yana iya ɓata gwajin yau. A sake bayan wata uku.

Likitan mafitsara ya duba ka da hannu, ba takarda kaɗai ba. Kumburin jijiyoyin maraina yana rage motsi kuma ana gyara shi. Tsohon ciwon sanyi ma haka. Ka faɗa masa gaskiyar abin da kake sha. Allurai da ƙwayoyin ƙarin kuzari masu sinadarin testosteron suna ƙara sha'awa amma suna rufe masana'antar maniyyi, na ga waɗanda suka koma sifili saboda su. Taba da zaman dogon tuƙi a kan inji mai zafi ba sa taimakawa.

Ita ma maiɗakinka a duba ta a lokaci guda, kada a ce tun da an samu laifi a wurinka shi ke nan. Sau da yawa matsala biyu ce ta haɗu a gida ɗaya. Wani babban bincike na Hukumar Lafiya ta Duniya da aka wallafa a 1985 ya gano cewa kusan rabin matan Afirka da suka je asibiti neman haihuwa bututunsu biyu a toshe suke, galibi sanadin ciwon sanyi ko cutar da ta biyo bayan haihuwa ko ɓari. Har yau abin da muka fi gani ke nan. A kan wannan ma akwai 'yar na'ura: a ƙarshen 2024 wasu masu bincike a Shenzhen ta ƙasar Sin suka nuna wani ɗan sukuru mai bin maganaɗisu yana fasa toshiya. A bututun gilashi aka yi, toshiyar kuma dunƙulen ƙwayoyin halitta ne da aka ajiye. Toshiyar da sanyi ke bari tabo ne, nama ya manne da nama, gasun ciki sun mutu. Ko ka huda, hanyar ba ta iya gangaro da ɗan tayi, sai ya tsaya a nan ya zama cikin bayan mahaifa, wanda ke iya fashewa ya kashe mace. In bututunta a toshe suke, duk wata na'urar da ke bin bututu ba taku ba ce, dashen ciki da ke tsallake bututun shi ne naku. Hoton da ake ɗura ruwa ta bakin mahaifa a ɗauka shi zai nuna.

Abin da ya fi tsaya mini a wasiƙarka shi ne lambar ƙarshe, 34. Kai jikinka yana ƙera sabon maniyyi kullum. Ita kuwa da ƙwanta aka haife ta, ba a ƙara mata ko ɗaya, kuma daga wajen 35 yawansu da ingancinsu suna sauka da sauri, bayan 40 kuma saukar ta zama gangara. Babu allura, babu inji, babu sifirin da ke mayar da tsohon ƙwai sabo. Ko da a ce gobe mutanen Dresden za su sanar da ɗan maraƙi na farko, kafin abin ya iso kan mutane ita ta wuce shekarun da zai amfane ta. Ku je tare cikin wannan watan, da takardar gwajinka ta farko a hannu, ka nemi a sake naka, ita kuma a yi mata hoton bututu da gwajin jinin da ke nuna yawan ƙwan da ya rage mata. In sakamakon ya fito, ka turo mini lambobin yadda suke a takarda, mu ga ko magani zai wadatar, ko wanke maniyyi a ɗura a mahaifa, ko kuwa kai tsaye ICSI za a nufa.